Ƙafafun Furera

Ina tsame awara daga mai a ƙofar gida, hantsi ya ɗaga, sai na ga Saratu ta sauko daga adaidaita sahu da Jamilu goye a bayanta. Saratu ita ce nani, mai kula da yara, a makarantar nazaren da Jamilu yake zuwa a Gyaɗi-Gyaɗi, kuma ba ta taɓa kawo yaro gida da kanta ba. Hijabinta ma a baibai yake.

"Anti Asabe, ina Baban Jamilu?"

Na ce ya fita aiki tun da safe. Lafiya?

Ta dubi yaran da suke jiran awara, ta matso daf da kunnena. "Mota ta buge Maman Jamilu a babban titi. Wai ko shurawa ba ta yi ba."

Na ce mata ƙarya ne. Abin da ya fara fita daga bakina ke nan, Allah ya yafe mini, kafin innalillahi ta zo. Matar da ɗazu ta tsaya a daidai wurin nan ta ɗauki awara mai zafi ta jefa a baki? Jamilu kuwa yana ta miƙo mini hannu ta kafaɗar Saratu, awara yake so. Na ba shi. Ban san sanda na zauna a ƙasa ba.

Daga wani ƙauye na wajen Kibiya Furera, Maman Jamilu, ta zo, lokacin da mijinta Lawan ya samu adaidaita sahu yake ja a birni. A gidan haya ɗaya muka zauna a Darmanawa, ƙofarta na kallon tawa. Ranar da suka tare ta leƙo ta ce in ara mata tsintsiya, kuma har ta bar duniya ba ta dawo mini da ita ba. Ba ta iya zama shiru. Ta samu aikin shara da goge-goge a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, a nan take ganin 'ya'yan nas-nas da yunifom da 'yar jakarsu, sai ta rantse nata ma sai ya shiga cikinsu.

Jamilu ɗan fari ne, don haka ba ta faɗin sunansa. "Mutumin nan" take ce masa, kuma a gaban mutane sai ta yi kamar ba ta damu da shi ba.

Yadda aka rene ta haka ta rene shi. In zai yi kashi, sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kansu yana fuskantarta, ta riƙe hannuwansa tana yi masa "sss, sss" har ya gama. Bai san famfas ba, kuma da wannan take yi mini gori.

"Ku 'yan birni, ku ƙulle yaro da ƙazantarsa kamar ƙullin alala, wai ku wayayyu!"

Ni kuma in ce, "To baƙauya, mun ji."

Da ya shiga makaranta sai abin ya juye mata. A can fo ake jera wa yara, kowa ya hau nasa. Jamilu ya ce bai san zance ba. Sai ya matse har cikinsa ya yi tauri, dab da tashi kuma ya saki a wando. Saratu ta taɓa cire takalmi ta ɗora shi a ƙafarta, ya zame ya ce ba ta Umma ba ce. Ni ma na gwada, ya ƙi. Hajiya mai makarantar ta kira Furera ta faɗa mata cikin mutunci cewa in zangon ya ƙare bai saba da fo ba, sai dai ya zauna a gida har ya ƙara wayo.

Ranar ta shigo ɗakina ta yi kuka, ita da ban taɓa ganin hawayenta ba. Ta ce ita ta jawo masa da ƙafafunta.

Daga nan ta roƙi abokan aikinta su riƙa barinta tana ɗan fita. Kullum da hantsi sai ta jingine tsintsiya da bokiti, ta tsallaka babban titi, ta zagaya bayan ajinsu. Ta sayi fo, takan sa shi a tsakanin ƙafafunta, kullum tana ƙara buɗa su kaɗan don ya ji robar a jikinsa. In ya gama ta wanke shi, ta koma da sauri. Malaman suna yi mata dariya, ita ma tana taya su.

Sai a zaman makoki Saratu ta iya ba ni sauran labarin. Ta ce ranar lokaci ya wuce Furera ba ta zo ba. Jamilu yana ta leƙen get yana dafe ciki. Can sai ya ja hijabinta, ya kai ta inda ake jera fo, ya sauke wandonsa da kansa ya zauna. Ya yi. Saratu ta rangaɗa guɗa har malamai suka fito. Ta ciro waya ta kira Furera don ta ce mata ta yi zamanta, ba sai ta zo ba.

"Anti, wani mutum ne ya ɗauka," in ji ta. "Ya ce, 'Baiwar Allah, kin san mai wayar nan?'"

Ina cikin waɗanda suka yi mata wanka. A kai ta bugu. Ƙafafun nan kuwa ko ƙwarzane babu, sai kaushin da na saba yi mata tsiya a kansa. Na daɗe ina riƙe da su, har babbar da take jagorantarmu ta ce, "Asabe, saki mana."

Hajiya ta zo ta'aziyya, ta ce wa Lawan wurin yaro yana nan. Jamilu yana zuwa makaranta, yana hawa fo kamar kowa. Ni nake shirya shi da safe. Har yanzu in na ji ƙarar bokiti a tsakar gida sai na ɗaga kai.

A safiyar ranar da ta rasu, ta fito riƙe da hannunsa ta tsaya a gaban kaskona. Na ce, "Furera, wai haka za ki yi ta binsa da ƙafa har jami'a? Ki bar shi yau ɗaya ki gani mana."

Ta ɗauki awara ta jefa a baki tana hura iska.

"In bar shi ya ɓata wando a gaban 'ya'yan nas-nas? A'a wallahi."

"Ba zai ɓata ba. Ya kusa fa."

"Na san ya kusa." Ta dubi ƙeyarsa, ta gyara masa jaka. "Bari dai in je masa yau. Gobe sai in gwada taki."