Tukunya ta Biyu

Duk wanda ya zauna a Mayo Gwoi a shekarun da Jalingo ta zama babban birnin sabuwar jiha ya san Tobias mai facin keke, ko da bai taɓa mallakar keke ba. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke gangarawa kogi, ga tsohuwar taya rataye a reshen dalbejiya. Daga Litinin zuwa Juma'a mutum ne marar yawan magana, sai ka kai keke ka ɗauko bai ce maka komai ba ban da "bawul ne." Amma ranar Asabar, da zarar ya rataya ganga, sai ka rantse wani mutum aka sake. Shi ne makaɗin Damisa, ƙungiyar ƙwallon unguwar. Ba wanda ya naɗa shi. Wata rana ce kawai ya zo da gangar mahaifinsa ya tsaya a bayan raga, daga nan wurin ya zama nasa.

Kowane ɗan wasa yana da takensa a gangar nan, amma wanda ya fi daɗi shi ne na Siddiq mai lamba tara, wanda Tobias ya ɗinke wa takalmin ƙwallo ya fi sau goma da zaren taya. In Siddiq ya ji takensa, ko 'yan baya uku ne a gabansa sai ya ratsa su.

Akwai al'adar da ƙungiyoyin lig ɗin suka tashi da ita. Masu gida suna dafa abinci bayan wasa, amma na 'yan wasansu kaɗai. Baƙo ba ya cin abinci a filin wani. In ya yi nasara, gudu yake yi kafin duwatsu su fara tashi. In kuwa an ci shi, makaɗin gida ya bi motarsa da kiɗan rakiya har bakin gari, jama'a na shewa.

Wannan rakiyar aka yi wa Tobias a garin Mutum Biyu a 1990, bayan an zuba wa Damisa huɗu ba ko ɗaya. Ranar kuma motarsu ta ƙi tashi. Haka ya sauko yana tura ta da ganga a bayansa, Saleh makaɗin garin yana biye da shi taku da taku, mata masu tallar kifi suna dariya har da riƙe ciki. Bai taɓa mantawa ba, bai ma yi ƙoƙarin mantawa ba. Ya dawo gida ya tsara nasa kiɗan rakiyar, ya yi alkawari ba zai buga shi a gaban jama'a ba sai a bayan motar Mutum Biyu. Shekara bakwai yana gwada shi a gindin kwanon da yake duba huji, don an raba musu rukuni, ba su sake haɗuwa ba. Matarsa Jemima, wadda ke dafa wa ƙungiyar abinci, ta haddace kiɗan tsaf, har takan yi daka da shi ba ta sani ba.

A ƙarshen daminar 1997 aka kawo masa 'yan Mutum Biyu har gida, a wasan rufe lig. In aka ci Mutum Biyu, sun faɗa ƙaramin rukuni. Damisa kuwa maki ɗaya take nema ta wuce zagaye na gaba. Wannan lissafi bai dami Tobias ba ko kaɗan, shi motar yake jira. Ya sa wa gangar sabuwar fatar akuya, ya hana kowa taɓa ta.

Da safen Asabar shi ya tura wa Jemima kayan girki zuwa fili a baro. Ya ga manyan tukwane biyu maimakon ɗaya.

"Maman Ƙauna, yau biyu ne?"

"Ciyaman Yuguda ne ya ce," ta amsa, tana gyara ɗaurin itace.

Ya yi dariya. "Yuguda ya san yaransa. Wanda ya ci Mutum Biyu ai tukunya ɗaya ba zai ishe shi ba."

Ba ta ɗago kai ba, shi kuma ya ci gaba da turawa yana fito.

Fili ya cika har kan katangar makaranta. Yuguda, shugaban ƙungiyar, ya zo da kansa bayan raga ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba Tobi, yau ka buga da ƙarfi. Ina so a ji ka har unguwar Kachalla Sembe." Tobias ya ji daɗin maganar nan har cikin ransa.

Minti goma da farawa Siddiq ya jefa ƙwallo a raga, ƙasa ta ɗauka. Dab da hutun rabin lokaci baƙi suka rama da wata ƙwallo mai tafiyar hawainiya, wadda golan Damisa ya faɗi bayan ta riga ta wuce. Tobias ya ce kuskure ne, ai ɗan adam ne. Aka dawo, sai wasa ya koma wani abu daban. Ɗan gaba ya ba ɗan tsakiya, ɗan tsakiya ya ba ɗan baya, ɗan baya ya mayar wa gola. Tobias ya ɗauka gajiya ce, ya ƙara wuta. Ya buga har rigarsa ta manne a bayansa, har tafin hannunsa ya fashe, jama'a kuwa suna bin gangar da waƙa, ba su da lokacin lura da abin da ake yi a gabansu.

Saura minti uku ƙwallo ta kuɓuce wa ɗan bayan baƙi ta faɗo gaban Siddiq, daga shi sai gola. Tobias ya saki takensa da duk ƙarfin da ya rage masa. Siddiq ya ɗago ido, suka kalli juna ta cikin ragar. Sannan ya tura ƙwallon a hankali cikin hannun gola, kamar mai miƙa wa baƙo ruwa. Alƙalin wasa ya hura usur. Ɗaya da ɗaya.

Tobias ya juya wajen motar baƙi. Ba a ko tayar da ita ba, direban yana kwance a ƙarƙashinta. 'Yan Mutum Biyu suka cire takalma, suka nufi gindin mangwaro a natse kamar 'yan gida, Jemima ta buɗe tukunya ta biyu. Saleh na can da faranti a hannu, har ya ɗaga masa cokali.

"Useko, Baba Tobi," in ji Yuguda, yana yi masa godiya da Fulatanci. "Ka yi aiki. Zo ka ci shinkafa."

Tobias ya rataya gangarsa, ya bi ta bayan makaranta ya tafi gida.

Rana ba ta faɗi ba Jemima ta shigo da kwano a rufe. Ta tarar da shi zaune a tsakar gida, hannunsa cikin ruwan gishiri.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar Alhamis."

"Waye kuma ya sani?"

Ta ajiye kwanon. "Koci, da yara duka, da alƙali. Har direba."

"Sai ni."

"Baban Ƙauna, na so in faɗa maka. Ciyaman ya ce in ka sani, ba za ka iya buga ganga kamar yadda kake bugawa ba. In ganga ya yi sanyi kuma, mutane za su gane."

Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ashe ba manta shi suka yi ba. Shi ne murfin tukunyar, kuma shi ya turo ta da kansa.

Damisa ta wuce zagaye na gaba, ta tafi ba makaɗi. Siddiq ya aiko da takalmi sau biyu, aka mayar masa yadda ya zo. Gangar ta koma rumfa, an kafa ta a gindin dalbejiya, masu jiran faci suna zama a kanta. Da Jemima bai yi faɗa ba, bai kuma ƙi abincinta ba. Sai wata safiya tana daka, taɓarya ta kama tsohon kiɗan rakiya da kanta. Ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Maman Ƙauna, sake wani." Ta sake.