Mai Tanderu da Ƙwayoyin da Ya Toshe

Mutumin nan ya ci amanar aikinsa, ya kuma zuba ido aka kori wata baiwar Allah a kan laifinsa. An haife shi a shekarar 1957 a unguwar magina, mahaifinsa direban tifa, mahaifiyarsa maginiyar tukwane.

Ƙuruciya da Karatu

A gaban mahaifiyarsa ya koyi gashi, a nan ya ɗauki aƙidar cewa duk yumɓun da ke shan ruwa bai gasu ba. Ya bar makaranta a aji uku na sakandare, a 1973.

Aure da Aiki

Ya yi aure a 1982. A 1990 wata masana'anta ta ɗauke shi kula da tanderu, inda ake gasa ƙwayoyin yumɓu ƙanana kamar yashi, masu hujojin da ido ba ya gani. Masu haɗa magani kan cika bututu da su, su zuba ruwan magani. Ƙananan sinadarai su shige hujojin su yi jinkiri, manya su wuce, ta haka ake raba magani da datti.

Bai taɓa yarda da masanan ɗakin gwajin masana'antar ba, masu ƙayyade masa zafin wuta don kada hujojin su toshe. Ya ɗauka suna rage wuta ne don a ce bai iya gashi ba. Yakan ce wa matarsa, "Yaran nan ɗanyen kaya suke so in fitar, su ja mini abin kunya." Daga 2001 ya riƙa ƙara wuta a ɓoye, hujojin suka toshe, masu saye suka fara dawo da kaya.

Da aka yi bincike, ya ɗora laifin a kan mai tankaɗe ƙwayoyin, wata bazawara mai 'ya'ya huɗu, ya ce rariyarta ce ta yage. Ta ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Ya kau da kai. Aka sallame ta.

Tonon Asiri da Rasuwa

A 2004 ya kwanta jinya, wani ya riƙe tanderun bisa ƙa'ida, kaya suka yi kyau. Ya dawo, suka sake lalacewa. Aka tsare shi da tambaya, ya amsa cewa shi ke ƙara wuta, yana mai cewa gyara ya yi.

Ya rasu a 2011, aka binne shi bayan la'asar. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: tela, malamar makaranta da makanike. An kore shi tun 2005 ba takardar shaida, bai kuma sake samun aiki ba har ya koma ga Mahaliccinsa.