Lambar Da Ba Ta Shiga

A shekarar da man fetur ya fi ƙarfin talaka, masana'antar da nake wa aikin lantarki a Kano ta rufe, na tattaro komatsaina na dawo ƙauyenmu a gefen Dawakin Tofa. Na tarar kowa ya jingine injin ban ruwansa, an koma dogaro da rijiyar burtsatse mai sola ta ƙungiyar manoman rani. Baba kuwa duk abin da ya mallaka ya zuba shi a tumatir.

Tumatir na cikin fure na'urar da ke juya famfon ta ƙone. Aka kawo sabuwa aka ɗaura, famfo ya ce bai san zance ba. Ni na san ciwon. Akwai wani akwati da ke ba da umarni, yana kiran na'urar ne da adireshinta, wasu lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu. Sabuwar ta zo da nata daban, sai aka yi ta sallama a ƙofar gidan da ba kowa.

Na sami Kawu, ƙanin Baba. Shi ne shugaban ƙungiya, makullin ɗakin injin a aljihunsa yake kwana.

"Kawu, a ba ni minti goma."

"Kai da masana'anta ta mutu a hannunku? Injiniyan da ya kafa mana ya bar lambarsa, shi za mu kira."

Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kwana tara ana kira. Kullum Kawu na gindin darbejiya da waya a kunne, yana zagin layin mutanen birni. An gwada wayar liman, an hau tudu neman sabis. Ni kuma ina kallon furen Baba yana zuba. Na yi jigilar ruwa a jarkoki, amma jarka nawa za ta shayar da fangalin tumatir arba'in? Na roƙi Baba ya sa baki, ya ce ba zai kunyata ƙaninsa a gaban jama'a ba.

Rana ta goma Kawu ya miƙo min takarda. "Kai mai idon boko, duba ko na tsallake wata lamba."

Na ga 192168112. Na tambaye shi inda ya samo ta.

"A bangon ɗakin inji. Injiniya ya rubuta da alli, ya ce in matsala ta taso ga lambar nan. Har da wasu ɗige-ɗige na gayu, na zubar da su."

Adireshin tsohuwar na'urar ne. Kwana tara dattawan garinmu suna buga wa famfo waya!

Na haɗiye abin da ke bakina, don ba a faɗa wa ƙanin uba irinsa. Na ce ya ba ni makulli in gwada lambar a can, ya miƙo, na duba inda ɗige-ɗigen suke a bango, na latsa lambobin a fuskar na'urar, na kashe na kunna. Ruwa ya ɓarke, aka yi kabbara. Kawu ya dafa ni yana cewa dama ya san yaron nan akwai kai.

Na bi ruwan da gudu zuwa lambunmu. Baba na tsaye da fartanya, tumatir ya zama karmami. Da ruwan ya iso bakin fangalinsa, sai ya sari ƙasa ya toshe, ya karkatar da shi gaba.

"Baba, ina za ka kai shi?"

"Albasar kawunka tana da sauran rai."