Tarihin Mai Agogo, Wadda Ta Ƙi Sa Hannu a Kan Daƙiƙa Uku

Haihuwa da Ƙuruciya

An haife ta a shekarar 1971, a wani ƙaramin gari da ke bakin layin dogo. Mahaifinta mai gyaran sikeli ne, mahaifiyarta tela, ita ce kuma ta huɗu cikin 'ya'yansu bakwai. Tun tana ƙarama ba ta san zama wuri guda ba, har mahaifiyarta kan ce ko ɗinke ta aka yi da tabarma, sai ta miƙe da tabarmar. A shagon mahaifinta kaɗai take natsuwa, a nan kuma ta koyi cewa ba a amincewa da sikeli sai an jarraba shi da nauyin da aka sani.

Karatu, Aiki da Aure

Ta shiga firamare a 1977, ta kammala sakandare a 1989, sannan ta karanci ilimin sinadarai a jami'a, inda ta kasance mace tilo cikin ɗalibai talatin da ɗaya. A 1995 aka ɗauke ta aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje mai binciken ingancin kayayyakin da ke shiga kasuwa. Bayan shekara biyu ta auri wani direban babbar mota, mutum mai raha da sanyin hali, wanda kwalin sigari guda ba ya kai masa yini. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Na'urar Zuƙa

A 2014 aka ɗora mata alhakin auna nikotin, sinadarin taba mai kama jiki, wanda sigarin lantarki ke fitarwa. Akan maƙala sigarin a bakin wata na'ura da ke zuƙa kamar mutum, daƙiƙa uku a kowane rabin minti. Tururin kan maƙale a wani farin faifai na tacewa, sai a jiƙa faifan cikin ruwan sinadari, a auna abin da ya kama. Adadin da ta sa wa hannu shi ake bugawa a jikin kwali. Ganin ƙanƙantar adadin ne ya sa a 2015 ta sayo wa mijinta irinsa da hannunta, domin ya rabu da taba.

Ya rabu da tabar, amma cikin wata uku zuciyarsa ta soma bugawa da sauri, hannunsa na rawa a kan sitiyari. Wata Asabar da safe tana shanyar kaya, sai ta lura da yadda yake ja ba ya saki. Ta shiga ɗaki ta ɗauko agogon awo na wurin aiki, ta tsaya a kansa.

Ya ce, "Uwargida, yau kuma numfashina ake aunawa? Sai ki buga mini adadin a goshi."

Ta ce, "Baban yara, yi shiru ka sake ja."

Sau goma ta auna, kowanne ya kai daƙiƙa shida. Ranar Litinin ta saita na'urar a kan shida, sakamakon ya haura ninki biyu na abin da ke jikin kwalin. Da ta kai wa shugaban sashen, sai ya ce, "Malama, daƙiƙa uku ƙa'ida ta ce. Mijinki ba na'ura ba ne."

Ta ce, "Matsalar ke nan, yallaɓai. Na'urar ba ta da zuciyar da za ta buga."

Shekarun Ɗakin Wanki

Wata takwas ta yi tana zagaya tashoshin mota, shagunan aski da ƙofofin masana'antu bayan tashi daga aiki, tana neman izinin masu sha ta auna zuƙarsu. Ta auna mutum ɗari biyu da goma sha huɗu, goma sha tara kacal suka tsaya a uku. A wannan yawo ne direbobi suka raɗa mata Mai Agogo, sunan da ya bi ta har gida.

A watan Maris na 2016 ta ƙi sa hannu a kan duk wani sakamako na daƙiƙa uku zalla. Ba a kore ta ba, sai aka mai da ta ɗakin wanke kwalaben gwaji, ɗaki maras taga a ƙarshen baranda, inda waɗanda ta horar suke turo mata kwandon wanki. Ba ta taɓa makara ba, ba ta kuma nemi afuwa ba. A farkon kowane wata takan aika wa shugabannin wurin takarda guda ɗauke da alƙalumanta, har takardun suka kai hamsin da takwas.

A 2017 mijinta ya daina sha kwata-kwata, ya ce da ita, "To ga shi na bari, sai ki huta haka nan."

Ta ce, "Kai kaɗai ne mai huhu a garin?"

A 2021, bayan zuwan sabon shugaba, aka zartar da cewa kowane sigari za a auna shi sau biyu, da gajeriyar zuƙa da doguwa, a buga adadin biyu a kwali. Rahoton da ya tabbatar da haka shafi arba'in ne, babu sunanta a ko ɗaya. Ta karance shi a tsaye, ta gyara kuskure biyu da jan biro, ta koma kan na'urarta, wadda sabon shugaban ya mayar mata. A gefen maɓallin ta manna 'yar takarda, ta rubuta kalma ɗaya: shida.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa ranar 9 ga Oktoba, 2023, bayan jinyar kwana goma sha ɗaya, wadda 'ya'yanta suka ce ita ce kwanciya mafi tsawo da suka taɓa ganin ta yi. An yi jana'izarta da hantsi a maƙabartar bayan tasha, kuma yawancin sahun baya direbobi ne da masu aski. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ta rasu ta bar mijinta, wanda hannunsa bai sake rawa ba, da 'ya'ya huɗu: babban ɗanta makanike, mai bi masa malamar jinya, na uku ɗalibin shari'a, sai autarta, wadda a yanzu ita ke sa hannu a kan sakamakon wannan na'ura. Sau biyu aka umarce ta da ta ɓamɓare 'yar takardar da ke gefen maɓallin, wai takardar ta tsufa. Har yau tana nan a manne.