Motar Baba Mai Ƙwai a Bakin Danja

Duk mai shago a unguwar ya san ƙarar motar Baba Mai Ƙwai tun kafin ta shawo kwana. Doguwa ce mai ƙofa a baya, fentinta ya koɗe, mitar da ke ƙirga tafiyarta kuwa ta cika ta juyo ta sake kamawa daga farko. A cikinta ya yi ƙuruciyarsa yana raba kiret-kiret na ƙwai, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Tuƙinsa kamar mai ɗauke da jariri. Masu shago har tsokanarsa suke, wai keke ma na wuce shi. Shi dai abin alfaharinsa ɗaya ne: bai taɓa fasa wa kowa kiret ba.

Da ya ce zai sayar da ita, ya gaya wa mutane wai bayansa ne ya matsa masa. Ƙarya ce. Idonsa ne. Tun bara yake gani dishi-dishi, kuma bai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Tsoro yake ji a ce Baba ya makance, a fara riƙe masa hannu. Hanya ya haddace ta. Danja ce kaɗai ta gagare shi, don ja da kore duk sun zame masa abu ɗaya. Dabararsa ita ce ya bar wata mota ta shiga gabansa, in ta tashi ya bi ta.

Mai sayen wani mai gidan burodi ne, matashi mai yawan bincike. Ya buɗe bonet, ya leƙa ƙasa, ya shinshina mai. Baba ya miƙa masa makulli, ransa fes, an kusa rabuwa lafiya.

“A'a, Baba, kai za ka ja. Ni inji nake so in saurara.”

Kafin Baba ya samo uzuri, matarsa ta fito da mayafinta ta shige kujerar baya, wai a sauke ta kasuwa. 'Yan watannin nan haka ta tsiro da shi, kullum sai ta bi shi rabon ƙwai, ta ce zaman gida ya ishe ta. Sun sha faɗa a kan haka.

Suka hau titi. Mai burodi ya lumshe ido, ya kara kunne kusa da giya. Baba yana ta rage gudu ko wani zai wuce shi, amma kamar an haɗa baki, babu wanda ya wuce. Sai ga shi a bakin danja, shi ne na farko a layi.

Ya taka birki. Ya ɗaga kai, ya ga wani haske yana rawa a sama, ba launi. Ta dama yana jin gurnanin manyan motoci, bai san ko tsaye suke ko tahowa suke ba. Wani ya danna hon a baya. Wani ya ƙara. Shi ake wa, ko wani? Ƙafarsa ta fara sakin kuloci.

“Ja ce, Malam,” in ji matarsa, can ƙasa-ƙasa. “Dakata.”

Wata tirela ta keta ta gabansu, har motar ta girgiza. Mai burodi bai ma buɗe ido ba.

“Yanzu ta yi kore,” in ji matar. “To, mu je.”

Muryar ba baƙuwa ba ce. Da ita take ce masa kullum, “Kai, yau danjar nan ta daɗe a ja,” ko “To, ta sake mu,” shi kuwa yana ɗauka surutun mata ne. Ashe ba zaman gida ne ya ishe ta ba. Kunya ta rufe shi, tausayinta kuma ya cika masa ciki.

Ya tsallake, ya gangara gefen titi, ya kashe motar.

“Inji lafiya lau, Baba,” in ji mai burodi. “Amma me ya sa ka tsaya?”

“Zagayo ka karɓa, ɗana. Ni na gama.”

Ya fito yana laluben ƙofar baya. Matarsa ta buɗe masa daga ciki, ta matsa. Ya zauna kusa da ita, inda kiret ke zama, ya bar hannunsa a cikin nata.