Harshen da Yaya ya ara

A kasuwar kayan lambu ta Aziziya na fara ganin mutane suna tofar da jan yawu kamar jini. Yayana, wanda ya kawo ni Riyad daga Maradi, ya yi mini dariya, ya ce goron Bangala ne. Ganye ne ake shafa wa farar ƙasa, a barbaɗa dakakken ƙwallo da ɗan taba, a naɗe, a cusa a kumatu. Bangalawan, wato 'yan Bangaladash, da muke dakon tumatir tare da su ba sa iya wuni babu shi.

Yaya mutum ne da ba ya ganin hanya ya wuce. Ya koyi naɗin, ya koma yana sayar musu a ɓoye a bayan kwalayen albasa, tunda hukuma ba ta yarda ba. Duk sirrin sana'ar a farar ƙasar yake. In ta yi yawa ta ƙona baki, in ta yi kaɗan su ce lami ne. Ma'auni ɗaya ne, harshe. Duk kwaɓin da aka yi sai an naɗa ɗaya an tauna kafin a sayar.

Shi ne mai ɗanɗanon, har wata safiya ya miƙo mini.

"Karɓi. Harshenka ya fi nawa kaifi, ni tsufa ya fara."

Wallahi har kaina ya kumbura. Yayan da bai taɓa yaba ko wankin kwanona ba, yau shi ke cewa na fi shi. Na karɓi aikin da hannu biyu. Tun ina taunawa ina yamutsa fuska, har na koma ina nema da kaina.

Bayan shekaru yaji ya fara gagarata. Ni da nake zuba barkono a shinkafa har a riƙe mini hannu, sai ga ni ina hawaye a kan miyar da yara ke sha. Na leƙa madubi, na ga fari-fari a cikin kumatuna, na kankare bai fita ba.

A wani ƙaramin asibiti a unguwar Malaz na dace da likita Bahaushiya, Bakanuwa. Ta ce in jera yatsu uku in sa a baki. Biyu suka shiga da ƙyar.

"Malam, wannan ba ciwon daji ba ne tukuna, amma hanyarsa ce," in ji ta. "Mutum biyu za su tauna abu ɗaya, ɗaya ya tsufa lafiya, ɗaya ya kamu. Wani a jininsa rauninsa yake. Akwai mai irin wannan a gidanku?"

Na ce babu. Ta yanki ɗan nama, ta ce in dawo jin sakamako, kuma daga yau kada ganyen nan ya sake shiga bakina.

Da la'asar na tarar da Yaya a ɗaki yana jiƙa burodi a shayi, yana tura shi ƙanana-ƙanana ta gefen baki. Na daɗe ina ganin haka, ina cewa yanga ce ta wanda ya zauna birni.

"Yaya, sa yatsu uku a bakinka."

Ya ajiye kofin. Bai tambaye ni dalili ba, a nan na gane.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in ba ka ɗanɗanon."

"Likitoci sun ce maka yana bin jini?"

"Sun ce in ina da 'yan'uwa a nan in kawo su a duba."

"Kuma ka kawo ni bayan kwalayen albasa."

"Cewa suka yi wataƙila. Ni na ga kana da ƙarfi."

Na sha ganin wulaƙancin kafil, wato uban gidan da takardunmu ke hannunsa, ban taɓa jin zafi irin na ranar ba. Kafil ai ba nono ɗaya muka sha ba. Wannan kuwa shi ya goya ni, shi ya koya mini alwala, kuma da bakinsa ya lalace sai ya duba ya ga akwai nawa. Na so in zage shi, bakin ma ya ƙi buɗuwa yadda zagi ke so.

Na faɗa masa abin da likita ta ce, na zauna ina jira ya ce in yafe masa, ko ya tambayi ranar da sakamakon zai fito. Da ya yi, ina jin da na yafe. Ya ƙarasa shayinsa, ya jawo robar farar ƙasa, ya zuba ruwa, ya juya. Sannan ya ɗago.

"To, kwaɓin gobe fa, wa zai ɗanɗana?"