Mena Mai Takarda ta Biyu

Tun ranar da majalisar jiharmu ta zartar da dokar jinya ake yaɗa wata magana a garin nan, wai Filomena Scardigno mai maɗaba'a ba da lallashi ta samo ƙuri'un nan ba. Wai baƙar jakar da take ratayawa cike take da asirin 'yan majalisa, duk wanda ya yi taurin kai sai ta buɗe masa shafinsa. Na ji a kasuwar kifi, na ji a bakin coci, har wata da muka yi koyarwa tare ta rantse min da kabarin uwarta. Ni kuwa tsufa ya koya min cewa maganar da kowa ya yarda da ita, ita ta fi bukatar a leƙa ƙarƙashinta. Da na ji Mena, kamar yadda muke kiranta, za ta rufe shago ƙarshen watan nan, bayan shekara arba'in da shida tana aiki, sai na ɗauki sandata na tafi bincike.

Ƙarfe shida na safe take ɗaga ƙofar shagon. Ta sha kofi a tsaye, ta zura rigar aikin da tawada ta rine, sannan ta duba wa ya kwanta dama. Sana'arta buga sanarwar mutuwa ce, farar takardar nan mai baƙin gefe da muke liƙawa a bango. Sunan mamaci a sama da manyan baƙaƙe, a ƙasa jerin waɗanda ya bari: mata, 'ya'ya, surukai, jikoki, har ɗan ƙanin da rabonsa da gidan tun ranar baftismarsa. Kowa ya san rigimar da ake yi kan jerin nan. An sha yanke zumunci don an sa suruka gaba da ƙanwa.

Shekara ashirin da biyu ke nan da Rosaria ta gidan waya ta rasu. Yayyenta suka kawo suna goma sha huɗu, Mena ta buga. Kashegari sai ga Immacolata tela, wadda ta yi shekara ashirin da tara gida ɗaya da marigayiyar, gari yana kiransu "ƙawaye" ana ƙifta ido. Imma da bakinta ta ba ni labarin.

"Mena, ki buga min guda ɗaya tak. Ba ta bango ba, ta cikin akwatina."

"Me zan rubuta?"

"Sunana kawai. A inda ake sa na miji."

Mena na jera baƙaƙe, Imma na ba ta labari. Kwana tara Rosaria ta yi a asibiti, kwana tara ana tare Imma a ƙofa ana ce mata dangi kawai ake bari. A bango ta ga rasuwar, tana dawowa daga sayen burodi.

Daga ranar aka sami takarda ta biyu. Labari ya bi ƙauyuka a hankali, maza da mata masu son jinsinsu suka riƙa zuwa ta ƙofar baya in sun yi rashi, kowa ya tafi da tasa a naɗe cikin riga. Da wata ce, da ta tsaya a nan ta ce ta yi abin kirki. Mena kuwa tambaya ta yi: wa ke da iko da ƙofar asibitin? Dokar aure ta gwamnatin ƙasa ce da ke Roma, amma asibitoci na jiha ne, kuma majalisar jiha tafiyar awa ɗaya da rabi ce a jirgin ƙasa.

A babban birnin jiha ta tarar da wata ƙungiya ta masu wannan fafutuka, sun riga sun rubuta ƙudurin doka, bai cika shafi biyu ba. Abin da ya ce shi ne mara lafiya ya rubuta sunan wanda yake so ya shiga wurinsa, a kuma gaya masa halin da ake ciki, ko dangi ne ko ba dangi ba. Su suna da ƙudurin, ita tana da ƙafa. Kowace Talata sai ta rufe shago ta hau jirgin safe, ta zauna a bencin da ke bakin ofisoshin 'yan majalisa da burodinta da zaitun a ƙunshe. Shekara goma sha bakwai. Sau uku ƙudurin yana mutuwa a kwamiti. Masu ilimin siyasa suka ce mata ta yi haƙuri, sai tsofaffin majalisar sun ƙare tukuna.

Ta ce, "Ni nake buga sanarwarsu. Ba sa mutuwa da wuri."

Bara abin ya zo har ƙofarmu. Saverio tsohon direban jirgin ƙasa ya kwanta da ciwon huhu, likitoci suka cire rai. Shekara talatin da huɗu suna tare da Oronzo mai aski. Yayar Saverio, Titina, ta je ta shaida wa asibiti cewa kada a bar mai askin nan ya taka ɗakin. Kullum da hantsi Oronzo yakan tsaya a wurin ajiye motoci ya ɗaga hula sama, ko Saverio zai hango ta tagar hawa na uku. A makon ne ƙudurin zai zo gaban majalisa karo na huɗu, kuma da aka ƙirga, ƙuri'a biyu suka rage.

Mena ta nufi ofishin Lauya Cataldo Fanizzi, ɗan majalisa, wanda sau uku yana ƙin ƙudurin, kuma tun yana saurayi Oronzo ke yi masa aski. Sakatariyarsa tana wurin, na same ta, ga abin da ta ji.

"Goggo Mena, ke ce kuma? An ce jakar tsiyar nan kike yawo da ita. Yau ni aka zo wa?"

"Kwantar da hankalinka, ranka ya daɗe. Asirinka ɗaya na sani, rinin gashi, shi ma duk jihar ta sani."

Ta shimfiɗa masa takardu biyu a kan tebur. Duka biyun sunan Saverio ne a sama, wurin kwanan wata babu komai. Ɗaya da jerin dangi, ɗaya da sunan Oronzo shi kaɗai. Lauya ya zabura ya damƙi ƙarfen kujerarsa, kamar yadda muke yi in an ambaci mutuwa.

"Ke, mutumin nan yana da rai!"

"Shi ya aiko in buga, ya ce in kawo maka. In ya mutu ai ba ni da bukatarka, aikin ya zama nawa."

"Fada, limamin cocinmu, zai cinye ni ɗanye ranar Lahadi."

"Aure na ce ka ɗaura musu? Kujera ɗaya ce a gefen gado. Mutumin da kake miƙa wa maƙogwaronka yana riƙe da reza shekara da shekaru, shi kake tsoron ya riƙe wa mara lafiya kofin ruwa?"

Sakatariyar ta ce ya daɗe yana kallon wurin da ba a cike ba. Ranar ƙuri'a ya ɗaga hannu, ya kuma janyo na kusa da shi. Bayan mako uku dokar ta fara aiki, Saverio ya rubuta sunan Oronzo da hannunsa. Kwana goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, kowace safiya Oronzo na yi masa gyaran fuska. Titina ba ta sauko ba. Jerin da ta kawo na bango babu sunan mai aski, Mena kuma ta buga mata yadda ta ce, don ba ta taɓa canza wa mai takarda takardarsa ba.

Ke ce, Mena, ɗigon ruwa mai huda dutse. Ke ce kika ji "dawo mako mai zuwa" fiye da sau ɗari bakwai kika kuma dawo. An daina kawo miki katin biki, an shafa wa ƙofarki fenti da zagi, kika wanke kika buɗe ƙarfe shida. Jaridun da suka ɗauki hoton ranar ƙuri'a ba su sa sunanki ba, ke da kika ƙare rayuwarki kina sa sunayen mutane. Mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, in kin iya hutun.

Ku kuma masu karatu, kada ku ce an gama. Har yanzu in mai zama a gidan haya na jiha ya mutu, abokin zamansa waje ake yi da shi. Akwai ƙuduri a kan haka, yana kwance a kwamiti. Jirgin Talata bakwai da minti arba'in yake tashi, bencin kuma yana ɗaukar mutum huɗu. Gwiwoyin Mena sun gaji. Na wasunku ba su gaji ba.

Saura maganar jaka. Ta miƙo min ita na buɗe. Kwafin takardun nan na biyu ne, guda saba'in da ɗaya, kowace da sa hannun mai ita a baya, cewa ya yarda a nuna. Babu sunan ɗan majalisa ko ɗaya. Sai na tambaye ta kai tsaye ko ta san asirin wani a cikinsu.

Ta san na mutum biyu. Kowannensu ya taɓa shigowa ta ƙofar baya ta buga masa takarda ta biyu. Ranar ƙuri'a dukansu biyun suka ƙi dokar. Takardunsu ba su taɓa shiga jakar ba, kuma ba ta gaya min sunayensu ba.